Ƙorafin Iyalan Masu Ciwon Baifola na Fakku da Kewaye

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Sakkwato,
ta hannun Mai Girma Kwamishinan Lafiya,
tare da sanar da wakilanmu na mazaɓar Kebbe da Tambuwal, da shugabannin ƙananan hukumomin biyu, da iyayen ƙasa.



Ranka ya daɗe, muna gaisuwa ta girmamawa, muna roƙon Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya kuma kawo mana ƙarshen rashin tsaron da ya addabi wannan yanki. Mu da muka rubuto wannan takarda iyaye ne da mata da mazaje da 'yan'uwan masu fama da wata lalura ta ƙwaƙwalwa, mazauna Fakku da ƙauyukan da ke kewaye da ita a ƙaramar hukumar Kebbe, tare da wasu 'yan'uwanmu na ƙasar Tambuwal. Ba mu saba rubuta wa hukuma ba, balle a kan abin da kowane gida ke ɓoyewa. Mun daɗe muna rufe ƙofa a kan maganar saboda kunya, da tsoron kada a ƙi auren 'ya'yanmu. Yanzu abin ya kai inda shirunmu ke cutar da marasa lafiyar kansu, shi ya sa muka kawo kuka.

Lalurar ita ce wadda likitoci ke kira baifola. Mai ita ba kullum yake cikin ciwo ba, kuma wannan ne ke rikita mutane. Yakan yi watanni, wani ma shekaru, lafiya lau, yana noma, yana cin kasuwa, yana riƙe da gidansa. Sai wata rana ciwon ya taso. Barci ya ƙaurace masa amma ba ya jin gajiya, magana ta yi yawa har ba a iya katse shi, ya riƙa jin babu wanda ya kai shi, ya sayar da shanun huɗa ko hatsin shekara a yini ɗaya ya rabar da kuɗin, ya nemi faɗa da wanda bai taɓa ɗaga wa murya ba. Bayan makonni abin ya lafa, sai kuma ya faɗa ɗaya ɓangaren: ya shige ɗaki, ya daina ci, ya daina wanka, ya riƙa cewa ba shi da amfani ga kowa, wani har ya fara cewa gara ya mutu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 40 ne ke ɗauke da wannan ciwo. Yakan fara da ƙuruciya, daidai lokacin da saurayi ke shirin aure ko yarinya ke sabuwar amarya, kuma yana bin jini a wasu gidajen. Mutanen gari sukan ɗora shi a kan shaye-shaye, alhali da yawa daga cikin namu ba su taɓa kusantar ƙwaya ba, duk da cewa ƙwaya na rura shi ga wanda ya sha.

Muna shaida a gaban Allah cewa maganin asibiti yana aiki. Mun kai 'yan'uwanmu Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, wasu kuma sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a ɗaure muka kai su, suka dawo da ƙafarsu suna gaida mutane. Muna godiya ga likitoci da ma'aikatan jinyar da suka yi wannan aiki, mun kuma ga yawan jama'ar da ke gabansu. Ƙorafinmu a kan abin da ke biyo bayan sallama ne. Mutum ya dawo gida da ledar magani da takardar ranar komawa, daga nan babu wanda zai sake zama da shi. Bayan 'yan watanni ya ji garau, ya ce ya warke, ya ajiye maganin, ko maƙwabci ya ce masa ƙwayar asibiti na kashe jiki. Ciwon ya dawo. A sake sayar da akuya, a sake neman mota. Akwai gidajen da suka yi wannan zagaye har suka rasa abin sayarwa, kuma duk dawowar ciwon da abin da take tafiya da shi: wani aurensa, wani jarinsa, wani mutuncinsa a idon mutanen gari.

Daga bakin ma'aikatan lafiya da 'ya'yanmu masu karatu muka san cewa akwai wata jinya da aka tanada domin wannan giɓi. Jinya ce ta zama da tattaunawa, ta gyaran tunani da ɗabi'a, wadda likitoci ke taƙaitawa da CBT. Wani likitan Amurka mai suna Aaron Beck ne ya assasa ta a shekarun 1960 domin masu ciwon baƙin ciki, daga baya aka daidaita ta da masu baifola. Ba ta maye gurbin magani, kuma ba a yin ta lokacin da ciwon ke kan ganiyarsa. Ana yin ta ne bayan mutum ya natsu. Ya zauna da ma'aikacin da aka horar, kamar awa guda a mako, na tsawon wasu watanni, su bi tarihin ciwonsa tare har su gano yadda yake faro masa. Kowa da alamunsa. Wani barcinsa ne ke fara raguwa, wani yawan kiran waya, wata kuma sai ta tashi tsakar dare tana wanke-wanke da share-share. Manomi yakan ga hadari ya san lokacin kwashe shanya, to haka ake koya wa mara lafiya da iyalinsa su gane tasowar ciwon tun da sauran kwanaki, su san wanda za su kira da abin da za su yi kafin a kai ga igiya.

Ana kuma koya masa ya tuhumi tunanin da ciwon ke kawo masa. Idan zuciya ta ce masa ya warke, ba ya buƙatar magani, sai a tambaye shi me ya faru wancan karon da ya bari. Idan ta ce masa Allah ya buɗe masa ƙofa, duk abin da ya taɓa zai zama kuɗi, to akwai alkawarin da ya ɗauka tun yana lafiya: ba zai sayar da gona ko dabba ba, ba zai yi saki ko ƙarin aure ba, sai ya kwana biyu a kan maganar ya kuma shawarci mutum biyu da ya amince da su. Idan kuma ya faɗa cikin baƙin ciki yana cewa shi kaya ne a wuyan iyalinsa, sai a zauna a lissafa tare da shi abin da ya yi wa gidan, a tsara masa ƙananan ayyuka na kowace rana, ya ba dabbobi ruwa, ya fita sallar jam'i, har jiki ya fara amsawa. Sannan a tsayar masa da lokacin barci da na tashi, domin rashin barci na daga cikin manyan abubuwan da ke tayar da wannan ciwo. Babu abin da ke cikin wannan da ya fi ƙarfin mutumin ƙauye. Lokutan salla biyar sun riga sun tsara mana yini. Wanda bai iya boko ba zai iya rubuta yadda ya kwana da ajami, wanda bai iya ko ɗaya ba matarsa ko ƙanensa zai riƙe masa lissafi.

Ba za mu zuzuta jinyar fiye da yadda take ba, domin muna son a ɗauki maganarmu da nauyinta. A shekarar 2003 Dominic Lam da abokan aikinsa a Landan sun buga sakamakon gwaji a kan mutum 103. A cikin shekara guda ciwon ya dawo wa kashi 44 cikin 100 na waɗanda aka haɗa musu magani da wannan jinya, ya kuma dawo wa kashi 75 cikin 100 na waɗanda suka tsaya ga kulawar da aka saba. A wannan shekarar dai, a Basalona ta ƙasar Sifen, Francesc Colom da Eduard Vieta sun nuna cewa tara marasa lafiya rukuni-rukuni ana ilimantar da su a kan ciwonsu, zama 21, yana rage dawowarsa, daga baya kuma aka ga amfanin ya ɗore har bayan shekara 5. Amma a 2006 wani gwaji mafi girma da Jan Scott ta jagoranta a Birtaniya, a kan mutum 253, bai ga bambanci ba idan aka haɗa kowa da kowa. Waɗanda suka amfana su ne waɗanda ciwon bai taso musu har sau 12 ba. Ranka ya daɗe, wannan sakamako na ƙarshe shi ya fi tayar mana da hankali. Ma'anarsa ita ce duk shekarar da aka jinkirta, akwai matasanmu da ke ƙetare iyakar da jinyar za ta fi yi musu amfani.

Ga wahalhalun da muke ciki.

Na farko nisa ne. Daga Fakku sai mutum ya fito Tambuwal, ya hau babbar hanyar da ta ratsa Shagari da Bodinga zuwa birnin Sakkwato, sannan ya wuce arewa zuwa Kware. Tsakanin Tambuwal da Sakkwato kaɗai akwai kusan kilomita 100. Mara lafiya ba ya tafiya shi kaɗai, idan ciwon ya tashi ma sai da ƙarti biyu ko uku, kuma direbobi da yawa ba sa yarda su ɗauke shi sai an yi shatar motar. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka. Jinyar da ke buƙatar zama kowane mako ba za ta taɓa yiwuwa ga talakan Fakku ba muddin sai a birni ake samunta.

Na biyu rashin tsaro, kuma a nan muke roƙon a saurare mu da kyau, domin ba a cika haɗa shi da wannan lalura ba. Hare-haren 'yan bindiga sun sa mutanen ƙauyukan Kebbe da dama suna kwana da ido ɗaya, wasu a daji, wasu a garin da ba nasu ba. Matasa na kwana sintiri. Ga mai lafiya wannan gajiya ce da fargaba. Ga mai baifola kuwa, kwana biyu ko uku babu barci ya isa ya tayar masa da ciwon da aka sha wahala kafin a kwantar. Wanda ya gudu da dare ba ya tuna ledar magani. Kuma mutumin da ciwon ya taso masa, yana yawo da dare yana surutai, yana cikin haɗarin a ɗauke shi ɗan leƙen asiri a wannan zamani da kowa ke zargin kowa.

Na uku magani da gwaji. Litiyam, wanda likita John Cade ya gano amfaninsa a Ostareliya tun 1949, har yau yana sahun gaba wajen hana ciwon dawowa, amma yana buƙatar a riƙa auna shi a jini, a duba ƙoda da maƙoshi, domin idan ruwa ya ƙare a jiki yakan taru ya zama guba. Duk wanda ya san zafin bazara a ƙasar Sakkwato, ya kuma san azumi, ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. A kusa da mu ba mu samun wannan gwaji. Sauran magungunan ma yau akwai gobe babu, sai mu koma kemis, mai kemis ya ba da abin da ke gare shi. An sha ba mai baifola maganin baƙin ciki shi kaɗai, alhali irin wannan magani, idan ba a haɗa shi da maganin daidaita yanayi irin litiyam ba, yana iya jefa shi cikin tashin ciwon. Haka azumin Ramadan ke zuwa, barci ya juye, lokacin shan magani ya rikice, babu wanda ya zauna da mara lafiya tun cikin Sha'aban ya tsara masa yadda zai yi, ko ya haɗa shi da malamin da zai bayyana masa rangwamen da shari'a ta yi wa mara lafiya.

Na huɗu mata, kuma su suka fi ba mu tausayi. Kwanakin jego lokaci ne da ciwon ke yawan tasowa ga macen da ke ɗauke da shi. Sai a ce iska ce ta shige ta, a raba ta da jaririnta, wani lokaci takardar saki ta biyo baya tun ba ta dawo hayyacinta ba. Ga kuma maganin balfurowet da ake yawan bayarwa, wanda likitoci suka tabbatar yana iya nakasa ɗan da ke ciki. Mace mai haihuwa tana buƙatar wadda za ta zauna da ita da mijinta ta yi musu wannan bayani cikin sirri da mutunci. Yawancin matanmu ba za su buɗe cikinsu ga namiji baƙo a ɗakin da ake jiran layi ba.

Na biyar muna faɗinsa da nauyin zuciya. Idan kuɗi ya ƙare, hanya ta rufe, mara lafiya kuma yana neman ji wa kansa ko wani rauni, abin da ya rage wa gida shi ne mari da turu. Akwai a cikinmu waɗanda suka ɗaure ɗan da suka haifa suna kuka. Duk ƙasar nan ta ji abin da aka gano a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan maza da yara daga wani gida, da yawa da sarƙa a ƙafa, aka yi Allah wadai, aka rufe wasu gidajen. Rufe gidan mari daidai ne. Sai dai uban da aka hana ɗaure ɗansa yana buƙatar a nuna masa inda zai kai shi. Ba mu raina addu'a da ruƙiyya ba, muna yi kuma za mu ci gaba, malamanmu na kirki ma su ke cewa a haɗa da asibiti.

Ranka ya daɗe, ba sabon abu muke nema ba, alkawari ne da aka daɗe da ɗauka. Tun 1991 manufar ƙasa ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan kiwon lafiya na matakin farko, wato a same ta a asibitin da ya fi kusa da talaka. An sake jaddada haka a manufar 2013. A 2001 shugabannin Afirka sun taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi domin lafiya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun da zai riƙa ciyar da ƙananan asibitoci. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 da muka gada daga Turawan mulki, ta kuma amince cewa mai wannan lalura yana da haƙƙin a yi masa jinya da mutunci, ba tare da wariya ba. Mun ji duk wannan a rediyo, mun yi murna. Yaron da aka haifa a shekarar da aka yi alkawarin farko yau magidanci ne, wani ma shi ne mara lafiyar da muke rubutu dominsa. Har yanzu idan muka je ƙaramin asibiti da maganar, amsar ita ce a wuce birni.

Mun yi haƙuri. Mun san jiha na da buƙatu masu yawa, ga tsaro, ga zazzaɓin cizon sauro, ga tamowa, ga mata masu rasuwa wajen haihuwa, kuma ba mu ce namu ya fi na kowa ba. Mun san likitocin ƙwaƙwalwa a duk Nijeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, don haka ba mu ce a ajiye mana ɗaya a Fakku ba. Amma an riga an nuna cewa ba sai da babban likita ake kai irin wannan taimako ƙauye ba. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara jinyar marasa lafiya a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, suna zaune da danginsu, har duniya ta zo koyo. A karkarar Rawalpindi ta Pakistan, ƙasar Musulmi masu kulle da kunya irin tamu, an horar da mata ma'aikatan lafiya na unguwa suka yi wa masu ciki da masu jego jinyar gyaran tunani, sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna baƙin cikinsu ya ragu ƙwarai. Wannan aiki a kan ciwon baƙin ciki aka yi shi, baifola kuma ta fi shi buƙatar idon likita, amma ya tabbatar da cewa ƙaramin ma'aikaci zai iya koyon sana'ar. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun 2008 ta fito da shirin mhGAP domin horar da irin waɗannan ma'aikata, kuma an riga an gwada shi a Nijeriya.

Saboda haka muke roƙo, cikin ladabi, a zaɓi ma'aikatan jinya da na lafiyar al'umma daga cikin waɗanda ke aiki a Kebbe da Tambuwal, maza da mata, a horar da su gane wannan ciwo da gudanar da zaman ilimantarwa da na gyaran tunani cikin Hausa da Fulfulde. Wuraren horon suna nan cikin jiha: makarantar jinyar masu lalurar ƙwaƙwalwa a Kware, kwalejin ma'aikatan jinya a Tambuwal, da kwalejin fasahar kiwon lafiya ta Gwadabawa. A bar waɗanda aka horar su daɗe a wurin, kada a yi musu canjin wurin aiki da zarar mun saba da su, domin wannan jinya a kan amana take tafiya.

Muna roƙon a shirya da asibitin Kware ko asibitin koyarwa likita ya riƙa zuwa manyan asibitocin Kebbe da Tambuwal ko da sau ɗaya a wata, a tsayayyar rana da kowa ya sani, ya duba marasa lafiya, ya ɗauki jinin da za a auna, ya kuma sa ido a kan aikin waɗanda aka horar. Tsakanin zuwa da zuwa a ba su lambar da za su kira shi. A sa magungunan wannan ciwo cikin waɗanda ba sa yankewa, a kuma shigar da marasa galihu daga cikin masu lalurar cikin shirin taimakekeniyar lafiya na jiha. Majalisar dokoki ta duba yadda dokar 2023 za ta yi aiki a jiharmu, da kasonta a kasafin kuɗi, kamar yadda Legas ta yi tata dokar tun kafin ta tarayya. Iyayen ƙasa da limamai kuma muna roƙon a sa su cikin shirin tun daga farko, domin wurinsu ake fara kai mara lafiya, kuma maganarsu ce za ta sa magidanci ya bar matarsa ta halarci zaman.

Mu ma ba za mu naɗe hannu ba. Za mu kawo marasa lafiyarmu a ranar da aka sa, za mu zauna tare da su a koya mana, za mu samar da wurin zama idan asibiti ya yi ƙaranci, kuma waɗanda suka samu sauƙi a cikinmu sun yarda su taimaka wa sababbi. Muna roƙon a turo wakili ya zo ya ji daga bakinmu, ko a ba mu rana mu aiko dattawanmu, tare da amanar cewa ba za a bayyana sunan mara lafiya ko na gidansu ba.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon sauke nauyin da ya ɗora maka.

Wassalamu alaikum.

Mu ne masu biyayya,
iyalan masu ciwon baifola na Fakku da ƙauyukan Kebbe da Tambuwal.